Salansa Mai Ƙofa Biyu Da Barcin Mutanen Bakin Titi A Abaji

Duk ɗan Arewa da ke neman abinci a Kudu, in dai ta Lakwaja ya ke zuwa gida, to ya san Abaji. Ko daga Ikko mutum ya taso, ko Badun, ko Anaca, ko Fatakwal, da ya haye gadar Murtala Muhammad da ke kan kogin Kwara, ya wuce Koton Karfe, garin da zai fara shiga a yankin Babban Birnin Tarayya shi ne Abaji. Nan direbobi kan tsaya su duba taya, fasinjoji su miƙe ƙafa su sa wani abu a baka, a sayi doya da lemo don tsarabar yara.

A da Abaji a Jihar Kwara ta ke. Da Janar Murtala Muhammad ya ba da sanarwar kafa sabon babban birni ran 3 ga watan Fabrairu, 1976, sai aka yanko ta aka haɗa da yankin Abuja. Yanzu tana cikin ƙananan hukumomi shida na yankin, kuma Sarkinta, wanda a ke kira Ona, shi ne shugaban majalisar sarakunan Abuja. Tun da gwamnati ta taso daga Ikko ran 12 ga watan Disamba, 1991, titin da ya ratsa garin bai sake hutawa ba. A 2006 aka ba da kwangilar mai da shi tagwayen hanya daga Abuja zuwa Lakwaja saboda yawan motoci. Tireloli, tankokin mai, manyan bas-bas na dare, motocin shanu da na tumatir, duk ta nan su ke bi, ba dare ba rana.

Ni ma wata tafiya ta taɓa kwanar da ni a bakin wannan titi. Motar da na shiga daga Ikko ce ta sami matsala, bakanike ya ce sai da safe. Muka shimfiɗa tabarmi kusa da rumfar wani mai shayi. Wajen ƙarfe biyu na dare, barci ya fara daɗi ke nan, sai muka ji tau! tau! tau! kamar ana ɓarin wuta. Kowa ya san halin da hanyoyinmu su ke ciki na tsoron 'yan fashi da masu satar mutane. Kafin ka ce kwabo wuri ya watse. Wata mata mai goyo ta faɗa kwata, wani dattijo ya bar takalmansa, mai shayi ya yi karo da tukunyarsa ta ruwan zafi. Da ƙura ta lafa sai aka gane ashe ba bindiga ba ce. Wata 'yar gajeruwar mota ce irin ta tsere ta wuce, ta nufi Abuja, salansarta na ta harbi. Mai motar bai ma san abin da ya bari a baya ba.

Tun daga ranar na ƙuduri aniyar fahimtar abin da ke sa mota ta yi wannan irin ƙara. Abin da na gano kuwa ya shafe mu mazauna Kudu fiye da yadda mu ke zato.

Mene ne aikin salansa?

Injin mota da fashewa ya ke aiki. Mai da iska su kan haɗu a cikin silinda, filogi ya ba da wuta, abin ya fashe ya tura fistin. Daga nan sai bawul ya buɗe, hayaƙi mai zafi ya fito da ƙarfin gaske. Kowace fita tana da ƙararta. Alal misali, inji mai silinda 4 da ke juyawa sau 3,000 a minti yana fashewa sau 100 a kowace daƙiƙa. Mai silinda 8 kuwa, irin na manyan motocin tsere, in ya kai juyi 6,000 a minti, fashewarsa sau 400 ce a daƙiƙa guda. Da a ce ba a tare wannan ƙara ba, da ba wanda zai iya zama a gari da mota.

Tun 1897 wani Ba'amurke mai suna Milton Reeves ya yi rajistar tukunyar da ke rage ƙarar inji. Dabarar da ke cikinta mai karatu ya san ta tun yana yaro, don kuwa irin ginin gidajenmu ce ta gargajiya. Mai shiga gidan Bahaushe ba ya faɗawa tsakar gida kai tsaye. Sai ya bi ta zaure, ya karkata ya shiga wani soron, ya sake karkatawa, kana ya isa ciki. Haka tukunyar salansa ta ke. An rarraba cikinta ɗaki-ɗaki, da bututu masu 'yan huji da katangun ƙarfe. Ƙara ta shiga, ta bugi bango ta dawo, ta yi karo da wadda ke biye da ita, su kashe wa juna ƙarfi. A wasu kuma a kan cusa wani abu mai kama da auduga wanda ba ya cin wuta, ya tsotse ragowar. Kafin hayaƙi ya kai bakin bututu ƙarfin ƙarar ya mutu.

Sai dai wannan kewaye-kewaye yana ɗan riƙe hayaƙi. Ga motar haya ko ta iyali wannan ba wani abu ba ne. Amma ga motar tsere da ke gudu iyakar ƙarfinta, maƙera suna son hayaƙi ya fita da sauri. Bugu da ƙari, masu sayen irin waɗannan motoci suna son jin gurnanin inji, don yana cikin abin da su ka biya kuɗi dominsa.

Ƙofa biyu

To, yaya za a yi a gamsar da mai mota, a kuma bi dokar ƙasa? Sai kamfanoni irin su Porsche, da Ferrari, da BMW, da Chevrolet mai yin Corvette su ka fito da salansa mai hanya biyu. Hanya ta farko ita ce ta cikin zauruka. Ta biyu gajeruwa ce, kamar ƙofar baya, hayaƙi ya fice ba tare da ya zaga ba. A bakin gajeruwar hanyar akwai wani ɗan faifan ƙarfe mai juyawa, watau bawul. In ya rufe, mota ta yi laƙwas. In ya buɗe, ta yi ruri.

Abin da ke juya wannan faifai iri biyu ne. A wasu motoci iskar da inji ke zuƙa ce ke jan sa ta wata 'yar siririyar roba. A wasu kuma ɗan ƙaramin injin lantarki ne a jikin bututun. Duka biyun kwamfutar mota ce ke ba su umarni, tana duba gudun mota, da juyin inji, da giyar da a ke ciki, da yadda direba ya taka totur. Akwai kuma maɓalli kusa da direba. Amma a motoci da yawa, ko ya danna maɓallin, kwamfuta kan rufe bawul ɗin in ana tafiya irin ta cikin gari. Dalili kuwa shi ne a wajejen gudun kilomita 50 a awa ne hukumomin Turai su ke auna ƙarar sabuwar mota kafin su yarda a sayar da ita. A 2014 Tarayyar Turai ta yi dokar rage iyakar ƙarar yawancin ƙananan motoci daga desibel 74 zuwa 68, mataki-mataki har zuwa 2026. Desibel shi ne ma'aunin ƙara, kamar yadda mudu ya ke ga hatsi.

Kamfanin Ford na Amurka ya ba da wani labari a 2017 da ya kamata mu ji. Wani babban injiniyansu ya ta da motarsa ƙirar Mustang da sassafe a unguwarsu kusa da birnin Detroit, sai maƙwabci ya kira masa 'yan sanda. Maimakon ya yi fushi, ya koma ofis su ka zauna. Sakamakon haka Mustang ta 2018 ta fito da wani tsari da su ka sa wa suna tsarin maƙwabci nagari. Mai mota zai iya saita lokaci, a ce daga ƙarfe 8 na dare zuwa 7 na safe, in ya ta da ita a tsakanin nan bawul a rufe zai kasance, ƙara ta ragu da kimanin desibel 10. Ashe wanda ya ƙera motar ma ya san akwai lokacin ruri, akwai lokacin shiru.

Inda gyara ke shigowa

Wasu masu motocin ba sa son kwamfuta ta yi musu katsalandan. Don haka su kan bi ɗaya daga cikin hanyoyi huɗu.

Ta farko, wadda ba ta cin ko kwabo, ita ce a zare fis ɗin da ke kai wa bawul wuta, ko a cire soket ɗinsa, ko a toshe robar iskar. A motoci da dama an yi bawul ɗin ta yadda in ya rasa umarni sai ya zauna a buɗe. Shi ke nan mota ta zama mai ruri kullum, ko za a kai mara lafiya asibiti ne.

Ta biyu, a sayo wani ɗan akwati a saƙala tsakanin kwamfuta da bawul, a ba mai mota rimot kamar na talabijin. Wannan ya fi dama, don ana iya rufewa. Amma rufewar ta koma hannun direba, in ya ga dama.

Ta uku, a shiga cikin kwamfutar motar a sauya mata karatu. Nan ne harbin da mu ka ji a Abaji ya samo asali. A mota mai lafiya, da direba ya ɗaga ƙafa daga totur yana cikin gudu, kwamfuta kan tsai da mai. Masu wannan gyara su kan sa ta ci gaba da zuba mai kaɗan, ta kuma jinkirta wutar filogi, domin man ya fita bai gama ƙonewa ba, ya je ya fashe a cikin bututun salansa. Wani lokaci har da harshen wuta. Mai ne a ke ƙonawa a banza, ba ya tura mota ko taku ɗaya.

Ta huɗu ita ce ta mai walda: a yanke tukunyar gaba ɗaya a sa bututu miƙaƙƙe.

Kowace daga cikinsu tana da ladarta. Motar da bawul ɗinta ke buɗe kullum ta kan yi wani irin gunji mai cika kunne in ana tafiya mai nisa da gudu ɗaya, har mutum ya sauka da ciwon kai. Fitilar gargaɗi kan kama a gaban direba, kuma in ya saba ganinta, ranar da babbar cuta ta sami inji ba zai kula ba. Fashewar mai a cikin bututu kuma tana cinye matatar hayaƙi, wadda kanikawan ƙasar nan ke kira indomi saboda kamannin cikinta. Wannan matata, da aka fara sa wa motocin Amurka gadan-gadan a 1975, tana ɗauke da ƙarafa masu tsada da ke rage gubar hayaƙi, shi ya sa ɓarayi ke farautarta. In ta narke ta toshe, mota ta rasa ƙarfi, kuɗin sabuwa kuwa ba na wasa ba ne. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Mu ma muna ciki

Mai karatu zai ce, ni da ke dako a kasuwar Mile 12 ko acaɓa a Agege, ina ruwana da motar 'ya'yan manya? To, 'yan'uwa, mu dubi ƙafafunmu. Abin da ɗan mai kuɗi ke yi da kwamfuta, shi yaronmu ke yi da guduma da ƙusa. A je kowace tashar babura, a Abaji ne ko a Sabon Badun, za a sami wanda ya zare hanjin salansar babur ɗinsa ko ya huda ta. Haka wasu masu Keke, haka wasu direbobin manyan motoci da salansarsu ta fashe tun bara ba su gyara ba. Bambancin kawai shi ne mai motar tsere yana da bawul da zai iya rufewa in ya so. Namu yaron kuwa ya jefar da nasa a bola.

Hujjojin da su kan kawo guda uku ne. Na farko, wai babur ya fi gudu. Gaskiyar magana ita ce kunne ne ke yaudarar mutum. An auna kafiretan babur ne daidai da salansar da aka yi shi da ita. In aka buɗe ta ba a sake saiti ba, ma'aunin mai da iska ya kan sauya, inji ya riƙa zafi fiye da kima, filogi da bawul su riƙa saurin mutuwa. Tsofaffin babura masu shan mai gauraye da baƙin mai, irin waɗanda a ka yi yayi a shekarun 1970 da 1980, su ma ƙarfinsu ya dogara ne ƙwarai kan siffar salansa. Babura irin su Bajaj Boxer da su ka cika tituna yanzu an yi su ne don tsimin mai da jure wahala, huda salansa ba zai mai da su na tsere ba.

Na biyu, wai ana rage shan mai. Wanda ke jin daɗin ƙara kuwa ba ya barin totur ya huta, ko a tsaye ya ke sai ya murɗa. Tun da aka janye tallafin mai ran 29 ga watan Mayu, 2023, kowa ya san abin da lita guda ke nufi ga aljihun talaka.

Na uku, wai ƙara tana sa masu mota su san da zuwansa, su kauce. Amma bakin salansa baya ya ke kallo. Direban da ke gaba, gilashi a rufe, rediyo a kunne, ba zai ji shi ba sai ya zo daidai kafaɗarsa. Wanda ke shan ƙarar shi ne fasinjan da ke bayansa, da mai tallan da ke bakin titi, da jaririn da ke barci a ɗaki. Fitila mai kyau da birki mai ci sun fi salansa mai ihu tsare rai.

Kunne ba ya tsirowa

A can cikin kunne akwai wasu 'yan ƙananan gasu masu karɓar sauti su miƙa wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai tsanani tana kashe su, kuma wanda ya mutu ba ya dawowa. Hira ta yau da kullum ba ta wuce kimanin desibel 60 ba. Masana lafiyar ma'aikata sun ce desibel 85 shi ne iyakar abin da ya kamata kunne ya sha na awa 8 a yini. Duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa guda. In aka kai 100, minti 15 kacal ya rage. To, ɗan acaɓan da ke kan babur mai huɗaɗɗiyar salansa tun daga asuba har isha fa?

Cutar ba ta zuwa da zafi, shi ya sa ba a kula. Sai mutum ya fara jin shuuu a kunne in ya kwanta, sai ya fara cewa a maimaita masa magana, sai iyalinsa a gida su riƙa ɗaga murya a waya. A rahotonta na 2021, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum fiye da biliyan ɗaya da rabi ne ke da raunin ji a duniya. Ta kuma nuna cewa ƙarar titi da dare tana hana barci mai nauyi, tana da hannu a hawan jini da ciwon zuciya. Mutanen da gidajensu ke bakin titi a Abaji, da Gada Biyu, da Kwali, da Gwagwalada, ba su da maɓallin da za su danna.

Akwai kuma haɗarin da ya fi wannan. Salansar da ta fashe a ƙarƙashin mota tana iya tura hayaƙi cikinta. A hayaƙin akwai iskar guba mara launi mara wari, irin wadda ke kashe iyali sukutum in an kwana da janareta a cikin gida. Direban da ya saba rufe gilashi ya bar inji na aiki ya ɗan runtsa a tasha, lalle ya tabbatar bututunsa ba ya yoyo.

Doka da zaman baƙunta

Dokokin hanya na ƙasar nan sun wajabta wa abin hawa salansa mai aiki. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra a 1988, an kafa hukumar kula da dokokin muhalli ta NESREA a 2007, kuma a 2009 aka fito da ƙa'idoji na musamman kan ƙara. Jihar Ikko ma ta taɓa ware ran 15 ga watan Oktoba, 2014, ta ce kada a danna oda a ranar. A ƙasashen waje abin ya wuce nan. A 2020 wata unguwar attajirai a birnin Landan ta kafa na'urori masu jin ƙara su ɗauki hoton lambar mota, a 2022 kuma birnin Faris ya fara gwada irinsu.

Amma mu da ke zaune a garin wasu, akwai abin da ya fi tara ciwo. Mun ga yadda aka hana acaɓa a tsakiyar birnin Abuja a 2006, aka hana a wasu sassan Ikko a 2020, aka sake tsanantawa a 2022, dubban 'yan'uwanmu su ka rasa abin yi. Dalilan da hukuma ta bayar su ne haɗurra da tsaro. Sai dai ranar da irin wannan doka ta zo, mutanen unguwa ne za su yi mana magana ko su yi shiru. Magidancin da yaronmu ya hana shi barci wata da watanni, da wuya ya buɗe baki ya kare mu. Ba zai ce wane ne ya dame shi ba, cewa zai yi Hausawa ne. Wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Saboda haka muna kira ga sarakunan Hausawa na Agege, da Idi-Araba, da Sabon Badun, da sauran zangunanmu na Kudu, da shugabannin ƙungiyoyin direbobi da na masu babura, su sa wannan cikin abin da su ke dubawa. Wanda ya huda salansa kada a ba shi layi a tasha sai ya gyara. Kanikawanmu da masu walda, in yaro ya kawo irin wannan aiki, a gaya masa gaskiya, kuɗin da za a karɓa bai kai alhakin ba. Masu manyan motoci, kafin a ɗauki hanyar gida a leƙa ƙarƙashi a duba bututu. Masu motocin tsere kuwa, wanda Allah Ya hore wa, ba wanda ya hana shi jin daɗin dukiyarsa. Amma tun da maƙeran sun sa masa ƙofa biyu, ya bar bawul ɗin yadda ya same shi, in ya ga fitilun gari ya rufe, ya saki totur a hankali har ya wuce.

Masu shirin tafiya gida kuma, in an iso Abaji da dare a tuna akwai mutane a bayan waɗannan katangu, da safe za su tafi gona da kasuwa da makaranta. Allah Ya kai kowa gida lafiya.